Ɓargo da Babban Hanji: Wa Ke Gyara Raunin Da Ke Cikin Ciki?

 Ina gaishe da mutanen Kangire da na cikin Birnin Kudu, da Wurno da Kantoga da Sundumina. Ina gaishe da na Gwaram, Sara, Basirka, Kila da Farin Dutse. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshe yana noma, da uwar gida da ke bakin murhu, duk sannunku da aiki.

Yau maganar ciki za mu yi, kuma a yi mini afuwa, don dole mu ambaci abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba.

Duk wanda ya girma a yankin nan ya san atuni. Mutum ya yi ta zarya zuwa bayan gida, ciki na murɗa, yana yunƙuri, abin da ke fita kuma majina ce haɗe da jini. Da damina ta kankama, ruwa ya kwaso ƙazanta ya kai bakin rijiya, ƙuda ya yi yawa, sai ka ji ciwon ya shiga gida-gida. Jinin nan da ake gani daga rauni yake zuba, raunin kuwa yana jikin bangon babban hanji. Amma idan aka dace da magani, bayan 'yan kwanaki sai jinin ya tsaya. Ba wanda ya shiga ya ɗinke wurin, ba wanda ya sa masa bandeji. To, wa ya yi gyaran?

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe na abinci a jikin mutum. Tsawonsa a jikin baligi ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Aikinsa ya tsotse ragowar ruwa da gishiri, ya tara abin da ya saura har lokacin fitarwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙirguwa, yawancinsu masu amfani ne muddin suna zaune a inda aka ajiye su. Abin da ya raba su da jininmu kuwa shimfiɗa ce guda ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, jere kafaɗa da kafaɗa, da majina a samanta. Shimfiɗa ɗaya, jama'a. Ido ba ya ganin kaurinta sai da madubin likita. Duk abin da muka ci, da yajinsa da tsaminsa, ta kanta yake bi. Don haka Allah cikin hikimarsa bai bar ta ta tsufa ba. Kusan kowane mako ana sake ta sabuwa. Tsofaffin ƙwayoyin su zube su bi bayan gida, sababbi su maye gurbinsu. Kana barci ana yi, kana azumi ana yi.

Daga ina sababbin ke fitowa? Bangon hanji cike yake da 'yan mitsi-mitsin ramuka, miliyoyinsu. A gindin kowane rami akwai wasu 'yan ƙwayoyi da masana ke kira ƙwayoyin tushe. Ita ƙwayar tushe, in ta rabu biyu, tana iya samar da irinta, tana kuma iya samar da 'ya'yan da za su zama ma'aikata: wannan mai tsotsar ruwa, wancan mai yin majina. 'Ya'yan su yi ta hawa daga gindin rami zuwa bakinsa, su yi aikinsu na kwanaki, su faɗi. An daɗe ana zaton akwai su, amma sai a shekarar 2007 ne Nick Barker da Hans Clevers da abokan aikinsu a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka nuna su ƙarara a hanjin ɓera.

To, ina ruwan ɓargo da wannan?

Ɓargon da ke cikin ƙashi ba kitse ne kawai ba. Jan ɓargo, wanda ke ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da haƙarƙari da ƙashin baya, shi ke yin jini. Cikin kowace daƙiƙa yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan biyu, ban da fararen da ke yaƙi da cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Shi ma da ƙwayoyin tushe yake wannan aiki. James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da haka a Toronto ta ƙasar Kanada a 1961. Daga baya wani masani a Mosko, Alexander Friedenstein, ya gano cewa akwai wani iri na biyu a cikin ɓargo, wanda ba ya yin jini, amma yana iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. Ku riƙe waɗannan biyun: masu yin jini, da masu tallafi. Za mu dawo kansu.

Saboda ɓargo ke yin jini, likitoci suka koyi dashensa. Likita E. Donnall Thomas na Amurka ya fara gwadawa tun cikin shekarun 1950, har ya samu lambar Nobel a 1990. A nan Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a 2011 ƙarƙashin likita Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro mai sikila. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas shi ma ya fara. Na san iyayen masu sikila da ke saurarenmu sun taɓa jin wannan magana.

Daga wajen masu dashen nan ne wani abin mamaki ya ɓullo. A 2002, Ryuichi Okamoto da Mamoru Watanabe a Tokyo suka duba naman hanjin wasu mata da aka dasa wa ɓargon maza. Kun san ƙwayar halittar namiji tana ɗauke da wata alama, kuromosom Y, wadda mace ba ta da ita. Sai ga wannan alama a cikin wasu ƙwayoyin shimfiɗar hanjin matan, kuma ta fi yawa a wuraren da gyambo ke warkewa. Masanan suka ce daga ɓargon da aka dasa ta fito. A shekarar dai, Mairi Brittan da Nicholas Wright a Landan suka ga irin wannan alama a ƙwayoyin da ke kewaye da ramukan nan suna riƙe da su.

Duniyar masana ta ɗauki zafi. Aka fara cewa ashe ɓargo na iya zama hanji, ya zama hanta, ya zama zuciya, ya zama komai. A nan nake so ku kasa kunne, domin abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma ba a cika ba da labarinsa ba.

Wasu masanan suka sake gwajin da tsanaki. Amy Wagers da Irving Weissman a Jami'ar Stanford suka dasa wa ɓera ƙwayar tushe guda ɗaya mai alama, suka bi sawunta. Ta cika jikin da jini, amma a sauran gaɓoɓi kusan babu ita. A 2006 kuma, ɗakin binciken Melissa Wong a jihar Oregon ya nuna cewa a hanjin ɓeran da ya ji rauni, ƙwayar da ta zo daga ɓargo haɗewa take yi da ƙwayar hanjin da ta tarar, su zama ɗaya, shi ya sa ake ganin alamarta a can. Ko ma ta wace hanya ce, adadin kaɗan ne ƙwarai. Bai kai ya rufe gyambo ba.

Ke nan ɓargo ba shi da amfani ga hanji? Yana da shi, babba ma kuwa, sai dai ba ta fuskar da aka fara zato ba.

Ku ɗauki katangar ƙasa da ruwan Agusta ya zaftare. Magini shi ke ɗora ƙasa ya yi yaɓe, ba wanda zai yi masa wannan. Amma magini shi kaɗai ba ya tayar da katanga. Sai an samu 'yan gayya: masu kwashe ɓaraguzai, masu ɗebo ruwa, masu kwaɓa, masu kore dabbobi kada su tattake aikin. Ƙwayoyin tushe na gindin rami su ne magina. Ɓargo shi ke turo 'yan gayya.

Ga yadda abin ke gudana. Da zarar amiba ko bakteriyar Shigella, waɗanda su ne manyan masu kawo atuni, suka fasa bango, sai wurin ya saki wasu sinadarai cikin jini, saƙon neman agaji. Cikin sa'o'i fararen ƙwayoyin jini na sahun farko su iso, su far wa ƙwayoyin cutar. Da yawansu a nan suke mutuwa, gawarwakinsu na cikin majinar da ake gani. Ɓargo ya ƙara ƙaimi ya turo wasu. Bayansu sai wani rukuni ya zo, manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti. Su ne ke cinye gawarwaki da tarkace. Idan wuri ya tsabtata, sai su sauya hali: su daina hura wutar kumburi, su fara sakin sinadaran da ke umartar ƙwayoyin gindin rami su ƙara haihuwa. An gwada a ɓeraye. Idan aka hana waɗannan manyan ƙwayoyi aiki, gyaran bangon hanji yakan tsaya cik. An kuma gano cewa a hanjin baligi, yawancinsu ba daɗewa suke yi ba, kullum sai ɓargo ya aiko da sababbi ta cikin jini. A lokaci guda, ƙwayoyin da ke bakin raunin sukan baje, su ja jiki su lulluɓe wurin kafin sabon gini ya taso. Wannan, a ganina, ya fi labarin farko ban mamaki: ƙashin ƙugunka yana hidimar hanjinka dare da rana ba tare da ka sani ba.

[Ɗan kiɗa]

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ɓargo ke taimaka wa babban hanji ya warke. Yanzu bari mu ga yadda likitoci suka yi ƙoƙarin mayar da wannan sani magani.

Labari mafi daɗi daga Suwidin ya fito. Wani lokaci bayan dashen ɓargo, baƙin ƙwayoyin da aka dasa sukan ɗauki jikin mara lafiya a matsayin abokin gaba, su auka wa fata da hanta da hanji. Mutum ya yi ta gudawa da jini har ya rasa ransa. A 2004, likita Katarina Le Blanc ta Cibiyar Karolinska ta ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 9 da wannan ya same shi, duk magunguna suka gaza. Aka ɗebi ɓargon mahaifiyarsa, aka ware masu tallafin nan da Friedenstein ya gano, aka raine su suka yawaita, aka sa masa ta jijiya. Gudawar ta lafa. Ba hanji suka zama ba. Kwantar da fitinar suka yi, hanjin ya samu sararin gyara kansa. Duk da haka sai da aka shekara ashirin ana gwaji, ana faɗuwa ana tashi, kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani irin wannan ga yara a watan Disambar 2024, kuma don wannan ciwo kaɗai.

Akwai kuma cutar Crohn, wadda garkuwar jiki da kanta ke cin bangon hanji shekara da shekaru. A Turai aka gwada a ɗebi ƙwayoyin tushen jinin mara lafiya a ajiye, a rushe garkuwarsa da magunguna masu ƙarfi, sannan a mayar masa da su ta ginu sabuwa. Mutum 45 suka shiga gwajin, aka fitar da sakamako a 2015. Wasu gyambonsu ya warke, amma gwajin bai cim ma abin da aka sa a gaba ba, da yawa sun sha wahalar cututtuka masu tsanani, mutum ɗaya ya rasu. Aka sake wani a Birtaniya da magani mai sauƙi, shi ma aka dakatar da shi kafin lokaci saboda illoli. Wani maganin da aka yi da ƙwayoyin tallafi na kitse don ƙurjin da ke huda gefen dubura, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2018, amma a ƙarshen 2024 aka janye shi, don babban gwaji na biyu bai nuna fa'idarsa ba. A Japan kuwa, su Watanabe sun koma kan maginan kansu: a 2022 suka ɗebi ƙwayoyin hanjin wani mara lafiya daga ɓangare mai lafiya, suka raine su a ɗakin bincike, suka dasa a kan gyambonsa. Wannan har yanzu bincike ne.

Na kawo muku waɗannan duka ne don dalili ɗaya. A 'yan shekarun nan ana yawo da wasu 'yan leda da kwalabe a kasuwanni da tashoshin mota da zaurukan WhatsApp, ana cewa "sitem sel" ne, wai yana maganin olsa da basir da ciwon suga da ciwon daji da rashin haihuwa. Ana sayar da su da tsada, ana kuma cewa ka kawo mutum a ba ka kaso. Jama'a, ku saurare ni da kyau. Ƙwayar tushe abu ne mai rai. A asibiti, cikin tsananin sanyi ake adana ta, ta jijiya ko ta allura ake sa ta, likitoci na tsaye a kai. Garin da ya kwana a leda cikin zafin bazara babu mai rai a cikinsa. Wanda aka ce daga tuffa ko inabi aka samo shi, ƙwayar tsiro ba ta zama ta mutum. Ko da mai rai ce ka haɗiye, ruwan ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Haka shi ma ɓargon da muke tsotsa a ƙashin miya: abinci ne mai maiƙo, a ci lafiya, amma ba ya tafiya ya zama ɓargonka. Manyan asibitocin duniya da kuɗinsu da na'urorinsu sun shekara ashirin suna fama, wani har ya rasa rai a gwaji. Yana ƙona mini rai in ji magidanci ya sayar da buhun riɗi ko akuyar iyali ya sayi leda, alhali ciwon na ci gaba da cinsa.

To, me ke hannunmu?

Magina da 'yan gayya duk abinci suke buƙata. Shimfiɗar babban hanji tana samun yawancin ƙarfinta ne daga wani sinadari da bakteriya masu amfani ke samarwa idan sun ci dusar abinci da harzarsa. Wato wake, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, kuka, kuɓewa, zogale, rama, gyaɗa. Duk muna noma su a nan. Ɓargo kuma yana son sinadarin ƙarfe da wasu bitamin da ake samu a hanta, nama, kifi, ƙwai da ganye. Yaron da tamowa ta kama, hanjinsa ba ya sabuntuwa yadda ya kamata, ɓargonsa ba ya turo isassun mayaƙa. Shi ya sa gudawar da wani yaro zai warke cikin kwana uku take kwantar da shi makonni, gudawar kuma ta ƙara masa tamowa. Iyaye mata, don Allah kada a hana yaro nono ko abinci don yana gudawa. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a asibiti, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Zinc na cikin abin da ƙwayoyin hanji ke buƙata su rabu su yawaita.

Sai maganar kemis. Da yawanmu da ciki ya murɗa sai filajil. Filajil na kashe amiba, amma ba ya taɓa Shigella, kuma da ido ba a bambance su. Gwajin bayan gida ke nunawa. Maganin tsayar da gudawa kuma, idan akwai jini da zazzaɓi, haɗari ne, kada a ba yaro ko kusa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma da 'yan acaɓa ke sha kullum don gajiya, suna cin bangon ciki da na hanji. Akwai kuma chloramphenicol da wasu ke saya da kansu don taifot. A wasu mutane ƙalilan yakan kashe ɓargo gaba ɗaya, jini ya daina samuwa, kuma ba a sanin wanda zai faɗa wa tun da farko. Kada a sha shi sai likita ya rubuta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Wurin da ake sabunta gini kowane mako, kuskure na iya shiga. Idan ƙwayar tushe ta gindin rami ta lalace ta ƙi tsayawa da haihuwa, sai tsiro ya fito, a hankali cikin shekaru ya iya rikiɗa ya zama ciwon daji na hanji. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa masu wannan ciwo suna zuwa a makare, da yawansu kuma ba tsofaffi ba ne. Dalili ɗaya shi ne duk jinin da ya fita ta baya mun sa masa suna basir, mu yi ta shan jiƙo da sassaƙe wata da watanni. Basir gaskiya ne, akwai shi. Amma atuni na sa jini, tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwan fadama da tafki na sa jini, ciwon daji ma na sa jini.

Don haka, yaron da aka ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Babba kuma, idan jini na dawowa, ko yanayin bayan gidansa ya sauya makonni, ko yana rama ba dalili, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko yana jin bai gama ba bayan ya gama, ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a duba shi, a gwada jini da bayan gida. Cibiyar Lafiya ta Tarayya na nan a Birnin Kudu, ba sai an yi nisa ba. Idan ana buƙatar a leƙa cikin hanjin da na'ura mai kyamara, za su tura shi inda ake yi, kamar Asibitin Malam Aminu Kano. Tsiron da aka gani da wuri, sau da yawa a lokacin leƙen ake cire shi. Maza, ku ba iyalinku izini da kuɗin mota, kuma ku kanku ku je. Mace tana iya neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita lokacin dubawa.

Nan za mu dakata a shirin yau. Wanda ke kwance, Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.